Asuwaki Biyu

Duk ranar Juma'a, da an sauko daga masallaci, 'yan kasuwar Kano da ke unguwar Deira a Dubai ba sa tsayawa shawarar inda za a ci abinci. Kowa ya san hanyar Abu Hail, ya san ƙofar da ƙamshin daddawa ke fitowa ta ƙarƙashinta. Gidan Alhaji Mijinyawa ke nan, mai harkar kago, wato aika wa 'yan kasuwa kayansu gida, wanda ya daɗe a Dubai har yana iya nuna maka dogon bene ya ce ya san wurin tun yana fili. Matarsa Hajiya Sabuwa za ta tuƙa tuwon shinkafa, ta kaɗa miyar kuka, a shimfiɗa leda a tsakiyar falo, a ci, a ɗora da shayi har a kira la'asar.

Sai dai in za a faɗi gaskiya, ba neman lada kaɗai ke sa Mijinyawa wannan hidima ba. Mutum ne mai son a tambaye shi. Ya je Sin, ya je Turkiyya, ya taɓa kwana a Landan, ga shi tun yana saurayi rediyo ba ya barin kunnensa. Saboda haka duk abin da ya shafi Turawa, da sarakunansu da cocinsu da yaƙe-yaƙensu, shi ne alƙalin majalisa. Abin da ya sani ya faɗa, wanda bai sani ba ya gyara zaman hula ya faɗa da ƙarfi. Ya kuma kafa doka tun da daɗewa, cewa duk wanda ya shigo ya ajiye wayarsa a kan teburin bakin ƙofa, wai don a raya zumunci. Doka ce mai kyau, ba musu. Amma tana da amfani na biyu, domin inda ba waya, ba mai bincika maganar maigida.

A cikin masu tambayar babu kamar Alhaji Gidaɗo. Tare suka fara kasuwa a Kwari suna samari, tebur yana kallon tebur, tare suka fara hawa jirgi, kuma Mijinyawa ne ya jawo shi Dubai ya kama masa shagon leshi da shadda. Gidaɗo siririn mutum ne mai sanyin murya, kullum da maganin ciwon zuciya a aljihu da asuwaki a gefen baki, ga son jin labari kamar me. In ya ga abin da ya ɗaure masa kai cikin mako, sai ya adana shi har Juma'a. Da an kwashe kwanuka, sai ya cire asuwakin, ya juyo ya ce, "Mijinyawa, ya abin yake?"

Wannan 'yar tambayar ita ce gishirin makon Mijinyawa. Kowa ma zai iya daina zuwa, in dai Gidaɗo na nan yana tambaya, duniya ta yi daidai.

To, Gidaɗon ne da kansa ya kawo Habibou. Maƙwabcinsa ne a layin shaguna, ɗan Damagaram mai sayar da turare, bai kai su shekaru ba, dogo, mai ladabi har ya so ya yi yawa. Ya yi boko a Yamai, ya ƙara a Faransa, kafin kasuwa ta ja shi. Ranar farko ya ci tuwonsa ya yi godiya, bai ce uffan ba. Mijinyawa har ya yaba da hankalinsa.

A Juma'a ta biyu aka samu matsala. A lokacin Kiristocin Katolika na zaɓen sabon Fafaroma, Gidaɗo ya ga taron jama'a a talabijin sun ɗaga kai suna kallon wani bututu a saman rufi, da hayaƙi ya fito sai suka ɓarke da murna.

"Mijinyawa, ya abin yake?"

Mijinyawa ya gyara hula. "Ai wannan sananne ne. Tufafin wanda ya mutu suke ƙonawa. Sai sun ƙone ƙurmus sannan sabon zai hau kujera."

Aka gyaɗa kai. Sai Habibou ya ɗan yi gyaran murya daga can ƙarshen leda.

"Pardon, Alhaji. A yadda aka koya mana a lakkwal, makarantar bokonmu, ƙuri'un zaɓen ne suke ƙonawa. Manyan limamansu ake kullewa a ɗaki, ba fita sai sun yi shugaba. In hayaƙi ya fito baƙi, ba su daidaita ba. In ya fito fari, voilà, an samu."

"Kulle su ake yi?" in ji Gidaɗo, ido waje. "Kai! Da haka ake wa 'yan siyasarmu!"

Falo ya kaure da dariya. Mijinyawa ma ya yi tasa, ya ce ai abin da yake nufi ke nan, hayaƙin dai hayaƙi ne. Amma ya lura da abu ɗaya da ba wanda ya lura da shi. Gidaɗo ya juya jikinsa gaba ɗaya ya fuskanci ƙarshen leda, kuma har aka tashi bai juyo ba.

Daga ranar abu ya lalace. Habibou ba mai neman suna ba ne, sai an tambaye shi yake magana, kuma wannan ne ya fi ƙona wa Mijinyawa rai, don da mai surutu ne da an samu inda za a kama shi. Ya ba su labarin yadda Faransawa suka fille wa sarkinsu kai a bainar jama'a. Ya ba su labarin mai zanen da ya yi shekaru a kan tsani yana ƙawata rufin coci, fenti na ɗiga masa a fuska. Ranar da ya kawo labarin wani fure mai albasa a gindi, wanda aka ɗauko daga ƙasar Turkawa aka kai Holan, 'yan kasuwa suka haukace a kansa har albasa ɗaya ta yi kuɗin gida, sannan farashi ya faɗi warwas, sai da shayi ya huce a kofuna ba wanda ya kurɓa. 'Yan kasuwa ne, labarin ya taɓa su a inda yake musu ciwo.

Mijinyawa na zaune a kujerarsa ta maigida yana zuba wa mutane shayi kamar ɗan aike. Naman nasa, shinkafar tasa, falon nasa, amma kunnuwan na wani ne. Sai ga ranar da ake gudu ta zo. Aka kwashe kwanuka, Gidaɗo ya cire asuwaki ya ce, "Habibou, ya abin yake? Wannan itacen da suke kafawa a manyan kantuna ƙarshen shekara, suna rataya masa ƙwayaye?"

Kalmomin nan na Mijinyawa ne. Shekara da shekaru sunansa ne a gabansu. Mijinyawa ya ji kamar an ɗauki hularsa an ɗora a kan wani yana kallo. Bai ji amsar da Habibou ya bayar ba ma, wai daga Jamus al'adar ta bazu, ko daga ina. Kishi ne ya kama shi, kishi tsagwaronsa, dattijo da furfura a gemu.

Abin bai tsaya a Juma'a ba. Wata ranar Talata da yamma ya je bakin ruwan da ya ratsa gari zai tsallaka, sai ya hango su biyu a cikin abra, ɗan kwalekwalen nan mai inji da ke ƙetare da mutane, sun riga sun bar gaɓa. Habibou na nuna wani abu da hannu, Gidaɗo na ƙyalƙyala dariya har yana dafa kafaɗarsa. Mijinyawa ya fasa tsallakawar, ya koma ofis ya yi wa ma'aikatansa faɗa a kan kwalin da ba su ma taɓa ba. Bayan nan kuma suka shirya zuwa gidan tarihi a Abu Dhabi. Sun gayyace shi, har Gidaɗo ya yi ta roƙo. Ya ce yana da kwantena a tashar ruwa. Ba shi da kwantenar komai, ya wuni a gida yana leƙa waya, yana kallon hotunan da Gidaɗo ke turowa, shi da Habibou a gaban gumakan Rumawa marasa hanci.

Sabuwa ta gaji da tsakinsa ta ce, "Alhaji, wai me yaron nan ya yi maka ne?"

"Wane yaro? Ni ina ruwana da shi?"

"To ai shi ke nan. Na ga dai ko sunansa aka ambata sai ka ture kwano. Ni tun da nake da kai ban taɓa ganin ka yi kishina haka ba."

"Allah ya shirye ki," ya ce, ya tashi ya bar mata falon, tana dariya ƙasa-ƙasa.

Ya yi ta tunanin inda zai ɓullo. Tarihi dai an ƙwace, coci an ƙwace, zane kuwa dama bai taɓa zama nasa ba. Saura shuke-shuke. Shi jikan manoma ne, ya ce a ransa, ba wani ɗan lakkwal da zai koya masa ganye. Sito ɗinsa yana Al Warsan, kuma kusa da wurin akwai masu sayar da dashe, layi-layi. Ranar Alhamis ya tsaya can, ya zaɓi wasu bishiyoyi biyu a manyan tukwane, tsayinsu ya kai ƙirjinsa, masu dogon ganye siriri da jajayen furanni masu haske, irin waɗanda ake gani a gefen tituna ba a kula su. Mai dashen ya faɗa masa sunan. Kafin ya kai mota sunan ya tashi daga kansa, bai kuwa koma ya tambaya ba. Ya sa aka hau masa da su aka jera a baranda, daidai inda duk wanda ya zauna a falo zai gan su.

Washegari sanyin Disamba ya sa aka bar ƙofar baranda a buɗe. Aka ci, aka wanke hannu. Gidaɗo ya hango furannin, fuskarsa ta washe.

"Masha Allah! Mijinyawa, yaushe ka zama mai lambu? Ya abin yake?"

Mijinyawa ya ji wani sanyi ya ratsa shi har tafin ƙafa. Ya gyara hula, ya miƙe a hankali, ya jagoranci majalisa zuwa baranda.

"Wannan da kuke gani darbejiyar Turawa ce. Dubi ganyen, dogo siriri, irin tamu sak, sai dai su tasu tana fure. Sarakunan Ingila ita suke dasawa a ƙofar fada. Maganin zazzaɓi ce, maganin basir, ga gyara haƙori."

"Alhaji." Muryar Habibou ce, kuma yau babu pardon a gabanta. "Wannan laurier-rose ce. Ba dangin darbejiya ba ce, dangin tumfafiya ce. Dafi ce tun daga saiwa har fure. A Yamai akwai ta, ko akuya ta ci ganyen mutuwa take. Don Allah kada kowa ya kai ta baki."

Mijinyawa ya dubi fuskokin mutane ya ga duk sun ja baya da taku ɗaya, sun yarda tun kafin ya buɗe baki. A gidansa, a barandarsa, a kan itacen da ya saya da kuɗinsa.

"Dafi? To ni mako guda ke nan ina asuwaki da ita, ga ni tsaye."

Ƙarya ce, kuma ya san ƙarya ce, jiya aka kawo tukwanen. Amma ta riga ta fita, sai ya bi ta da gudu. Ya ɗauko wuƙar yanka lemo, ya datse reshe biyu masu kaurin ɗan yatsa, ya zage ganyen, ya fere bakin kowanne. Wani ruwa mai danƙo ya manne masa a yatsu.

"Komai ku ce Bature ya ce. Abin da kakanninmu suka sani da ido, ku sai an rubuta muku a allo. Ga shi, wa zai gwada?"

Ba wanda ya motsa. Habibou ya nufi teburin bakin ƙofa. "Alhaji, bari in nuna maka a waya, minti ɗaya kawai."

"Majalisar nan ba ta waya! Tun kafin ka zo muke da dokarmu. In ba za ka iya bi ba, khalas, shi ke nan, ƙofa a buɗe take."

Maganar ta yi nauyi, kowa ya ji nauyinta. Ba a korar baƙo daga kan leda. Habibou ya tsaya da hannu a kan tebur, fuskarsa ta canza. Mijinyawa kuma na tsaye da asuwaki biyu a hannu, ba mai karɓa, gumi na tsattsafo masa duk da sanyin. A nan ne Gidaɗo ya dube shi, kallo mai ɗan tsawo. Sai ya zare tsohon asuwakinsa ya sa a aljihu, ya miƙo hannu.

"Kawo, mutumina. Dama nawa ya tsufa."

"Alhaji Gidaɗo, don girman Allah," in ji Habibou.

"Shwaiya, shwaiya, bi a hankali, Habibou. Zauna ka sha shayi. Mijinyawa ya ce yana yi da ita." Ya sa a baki ya tauna, ya yamutsa fuska. "Kai! Wannan ta fi darbejiya ɗaci."

"Ɗacin shi ne maganin," in ji Mijinyawa, muryarsa ta dawo daidai.

Habibou bai zauna ba. Ya ce shi ba zai iya kallo ba, ya ƙara roƙon Gidaɗo ya tofar, Gidaɗo ya ɗaga masa hannu yana murmushi. Ya ɗauki wayarsa ya yi sallama ya fita. Mijinyawa ya koma kujerarsa kamar wanda ya ci yaƙi. Ranar ya yi zuba kamar ba gobe, daga sarakunan Ingila ya faɗa yaƙin Jamus, ya ɓulla Rasha, ba mai katse shi. Gidaɗo na gefensa yana gyaɗa kai yana tauna. Da a Kwari ne, da yana yi yana tofarwa a kwata. Amma nan falon mutane ne mai shimfiɗe da kafet, kuma zaman Dubai ya riga ya koya wa kowa cewa ba a tofar da yawu barkatai. Saboda haka duk abin da ya tatso daga icen nan, haɗiyewa yake.

Shi kuwa Mijinyawa nasa asuwakin yana hannu. Da shi yake nuna gabas da yamma, da shi yake buga gwiwa in ya zo wurin da labari ya yi daɗi. Da aka kira la'asar ya jefa shi a aljihun gaban riga.

Bayan salla mutane suka watse, Gidaɗo ya ce zai ɗan kishingiɗa, cikinsa na juyawa. Ba a jima ba ya tashi da sauri ya shiga banɗaki. Amai ya yi ta yi har ya kasa fitowa da ƙafarsa. Mijinyawa ya kamo shi ya kwantar a kujera, ya ji jikinsa sharkaf da gumi mai sanyi.

"Mijinyawa, fitilar nan taka me ya sa ta koma rawaya?"

Ba a kunna fitila ba. Mijinyawa ya matso kusa. Ya kama wuyan hannun abokinsa yana laluben bugun jini, ya ji shi can ƙasa, yana bugawa yana tsayawa kamar mai shawara. Sabuwa ce ta kira motar asibiti.

A asibiti aka shige da Gidaɗo ciki da gudu. Wata likita 'yar Indiya ta fito ta tare Mijinyawa, ta ce zuciyar na tafiya a hankali ƙwarai, kuma ba ta yi kama da ciwonsa na da ba. Me ya ci? Me ya sha? Mijinyawa ya sa hannu a aljihu ya zaro asuwakin ya miƙa mata. Ta jujjuya shi. Ɗan itace ne fereren baki, ba ganye ba fure, ba ta gane komai daga gare shi ba.

"Wace bishiya ce? Sunanta nake so, yanzu."

Ya buɗe baki. Darbejiyar Turawa ce ta zo masa, sunan da ya ƙirƙira da kansa. Na mai dashe ya ɓace tun jiya. Wanda Habibou ya faɗa kuwa da Faransanci ne, kuma lokacin da ake faɗarsa shi ba sauraro yake ba, fushi yake. Mutumin da ya shekara da shekaru bai taɓa rasa amsa ba ya tsaya a gaban likita baki sake.

Ya ciro waya. Ba shi da lambar Habibou, bai taɓa yarda ya karɓa ba. Sai a wayar Gidaɗo ya samo ta. Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Alhaji Gidaɗo? Ça va? Tun ɗazu nake kiranka."

"Ni ne, Mijinyawa. Muna asibiti. Habibou, itacen nan... ya abin yake?"

Habibou bai ce ai na faɗa ba. Ya ce a ba likita wayar. Mijinyawa ya ji shi yana faɗa mata oleander, yana maimaitawa, yana ƙara mata da cewa mutumin na shan maganin zuciya kuma ya daɗe yana tauna. Fuskar likitar ta canza, ta mayar masa da wayar ta juya da gudu tana kiran ma'aikata. Kafin a yi sallar magariba Habibou ya iso da reshe guda mai ganye da fure a cikin leda, ya biya ta gidan ya karɓo wurin Sabuwa don a tabbatar. Suka zauna a benci ɗaya. Habibou ya kawo masa ruwa, ya karɓa. Ko a wannan hali, da ya ga ma'aikatan jinya na wuce shi suna yi wa Habibou bayani, sai da wani abu ya ɗan motsa a ƙirjinsa. Ya ji kunyar kansa har ya rasa inda zai sa ido.

Allah ya yi da sauran kwana. Sai da aka yi kwanaki kafin a fito da Gidaɗo daga ɗakin da ba a shiga, aka mayar da shi ɗaki na gama-gari. Mijinyawa ya je da hantsi, ɗauke da kunun gyaɗar da Sabuwa ta dama. Ya tarar da abokinsa ya rame, an manna masa wayoyi a ƙirji, amma idon nan na son labari yana nan. Ya ja kujera ɗaya tilo da ke ɗakin ya zauna a bakin gado. Ya shirya maganganu da yawa a hanya, duk suka gudu.

"Gidaɗo, ban taɓa asuwaki da ita ba. Ranar Alhamis na sayo ta."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Ranar Laraba na zo gidanka karɓar saƙo, barandar ba komai sai igiyar shanya." Ya ɗan yi tari. "Kuma na ga naka. Har aka tashi ba ka kai shi baki ba."

Mijinyawa ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. "To don me ka tauna? Don me, Gidaɗo? Ka ji abin da yaron ya ce!"

"Na ji. Na ɗauka iyakarta ta murɗa min ciki in yi gudawa, ban san abin ya kai haka ba." Ya juyo da kai a kan matashi. "Kana tsaye da itace biyu a hannu, mutane na kallonka, ba mai karɓa. Na ga fuskarka. Na ce ba za a tashi daga gidan Mijinyawa ana cewa ya yi ƙarya ba, ina zaune."

Hawaye ya zubo wa Mijinyawa, bai share ba.

"Kai wai tsammani kake tambayar da nake maka don amsar ce?" in ji Gidaɗo. "Tun muna Kwari na san rabin abin da kake gaya min a nan take kake ƙera shi. Ka tuna da ka ce min Turawa ba sa cin barkono don yana narkar musu da hanji? Na sani, ina dai jin daɗin yadda kake faɗa. Habibou in na tambaye shi, sani nake nema. Kai kuwa kai nake nema. Sai ka bi ka hana kanka sukuni, ka hana ni."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Habibou ne, da ledar lemo a hannu, ya tsaya daga bakin ƙofa ganin wanda ke ciki. Fuskar Gidaɗo ta washe, irin washewar nan da Mijinyawa ya hango a cikin abra. Ya kuwa ji abin ya sake tsikarinsa a wurin da ya saba, don kishi ba ya fita daga jiki rana ɗaya. Amma ya dafa gwiwa ya miƙe, ya juya kujerar ya tura ta wajen Habibou.

"Shigo, Malam Habibou. Zauna nan kusa da shi."

"A'a, Alhaji, wallahi ina tsaye."

"Zauna, na ce."

Habibou ya zauna a ɗarare. Gidaɗo ya nuna na'urar da ke saman gadonsa, mai zana layi kore yana hawa yana sauka. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, sannan ya tsayar da ido a kan tsohon abokinsa.

"Mijinyawa, wannan abin da ke ta ƙara tun jiya, ya abin yake?"

Hannun Mijinyawa ya tafi wajen hula da kansa, kamar kullum. Ya kai rabi ya tsaya, ya sauke shi.

"Ban sani ba," ya ce. "Bari in zuba maka kunun tun bai huce ba."